Shekarar da Na Gaida Turmi

Abin da na fara gani da muka shiga gidan Gwaggo Ladi a Malumfashi shi ne turmi sanye da hula. An shimfiɗa masa tabarma a gindin ceɗiyar tsakar gida, an yafa masa tsohuwar riga saƙi, an kifa ƙwarya a bakinsa ta zama kai, sannan aka ɗora wata hular haɓar kada da ta sha jiki. A gabansa wata yarinya tsarata ta durƙusa tana tambayarsa yadda ya baro mutanen gida. Daga bayan zana kuma wata murya mai kauri tana amsawa, wai kowa lafiya, sai dai taɓarya ce ke fama da ciwon kai. Na dubi Baba, wanda ya kawo ni, na ga ko a jikinsa. Sai na ce a raina, ashe gidan mahaukata aka kawo ni neman magani.

Na fara da turmin nan ne don in gyara wata magana da ke yawo a gidan nan. Na sha jin ku, 'ya'yana da jikokina, kuna gaya wa baƙi wai ina yarinya wanzami ya zo yanke mini linzami, hannunsa ya zarce, shi ya sa har yau bakina ba ya rufuwa. Ba haka aka yi ba. Aska ba ta taɓa harshena ba, ko da yake saura ƙiris. Tsohuwar hular nan da ke rataye a ɗakina, wadda kuke cewa in ba ku kaza ta yi ƙwai a ciki, ita ce shaidata.

Ni 'yar fari ce, kuma sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, shi ya sa ake ce mini Uwani. Kunya biyu ke nan ta haɗu a kaina. Inna 'yar Fulanin gida ce, irin waɗanda suka daɗe da ajiye sanda suka ɗauki fartanya, amma ba su ajiye kunya ba. Ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni, ba ta yi mini magana kai tsaye. In tana son in ci abinci sai ta dire akushi ta ce wa iska, tuwo dai yana hucewa. In ruwa ya ƙare sai ta ƙwanƙwasa randa. Baba kuwa da damina yana gona, da rani yana bin fatake da jakinsa, in ma yana gida gyaran murya ce gaisuwarmu. Gidanmu yana can bakin gonaki a wani ƙauye kusa da Funtuwa, ba maƙwabci na kusa, ƙannen da aka haifa bayana kuma ba su zauna ba. Kada ku ce ƙina ake yi. Tsokar da ta fi kyau a cikin miya kullum a gefena nake tsintarta, ban kuma taɓa ganin hannun da ya turo ta ba. Amma na tashi a gidan da kaji suka fi mutane magana, sai na ɗauka haka ake zaman duniya: a duba, a gane, a yi shiru.

Asiri ya tonu ne ranar da Kaka, mai sunan nawa, ta zo daga Funtuwa da wata ƙawarta. Ta ce in gaida baƙuwa. Na durƙusa. Na ga zanen matar rinin Maska ne, na ga lallen ƙafarta ta hagu ya fi na dama kamawa, na ga ƙudan da ke yawo a bakin ƙwaryar furarta. Duk na gani, amma baki ya ƙi buɗuwa. Kaka ta kama haɓata ta leƙa ƙarƙashin harshena.

“Yarinya ta isa ɗaukar tulu ba ta iya ina kwana ba? Kuma da sunana a kanta? Linzami ne ya ɗaure ta. A kira Tanko wanzami ya ɗan taɓa shi.”

Na san Tanko, na kuma san zabirarsa. Na taɓa ganin ya buɗe bakin wani yaro da ɗan itace ya cire masa beli, yaron ya kwana biyu ko kunu ba ya iya haɗiya. Allah ya sa Gwaggo Ladi, ƙanwar Baba, ta zo ganin gida a lokacin.

“Iya, ki ba ni ita damina ɗaya. In aka yanke dawa ba ta gaishe ki ba, ni da kaina zan riƙe wa Tanko kanta.”

“Ke da 'ya'yanki kamar tsuntsayen gero? To, ɗauke ta. Amma ana yanke dawa ina tafe, da shi da zabirarsa.”

Inna tana bakin ɗaki tana ta kaɗinta. Ranar tafiya na sami sabon ɗan zane a naɗe cikin kayana.

Yarinyar da na tarar gaban turmi ita ce Talatu, 'yar Gwaggo, taubashiyata. Mai muryar bayan zana kuwa Gwaggo ce da kanta. Gidan cike yake da yara, nata da na riƙo, mijinta manomin auduga ne wanda ya daɗe da haƙura da samun shiru a gidansa. Kwana kaɗan da zuwana ta sa ni makarantar allo a gidan wata malama a unguwar. Can ba ni da damuwa, don kowa ihu yake yi, muryata sai ta ɓace cikin ta jama'a. Ashe Gwaggo ta laɓe a bayan danga tana saurare. Da na dawo ta ce wa mijinta, a gabana, harshen da ya iya juya haruffan Larabci haka ba abin da ya ɗaure shi, hanya ce kawai bai taɓa bi ba, ciyawa ta rufe ta.

Kullum da hantsi, in an gama surfe, sai a yi wa turmi ado. Yau shi bafatake ne ya sauka da gajiya, gobe mai jego ne, jibi an yi masa rasuwa, gata malami ne. Yara su yi layi, kowa ya yi sallama, ya tuɓe takalmi in yana da shi, ya durƙusa, ya gaida shi da gaisuwar da ta dace, ya miƙa masa ruwa da hannu biyu. In ka yi wa mai rasuwa barka, sai turmi ya fashe da kuka daga bayan zana. In ka tsaya a tsaye, sai ya ce wannan dogon wane ne ya tare masa rana. Wanda ya yi gaisuwar ƙarshe shi zai cire hular ya rataye a jikin ceɗiya, don a mayar da Malam Turmi bakin aikinsa na daka. Da yake ni kullum ina can ƙarshen layi ina fatan rana ta faɗi kafin a zo kaina, cire hula ya zama aikina. Ku riƙe wannan.

Mijinta ya taɓa tambayarta dalilin da ba za ta riƙa tura yara su gaida mutane na gaske ba.

“Mutum yana da dariya, yana da gaggawa, yana kai labari gaba,” in ji Gwaggo. “Turmi kuwa ko a ka aka dake shi ba ya faɗa wa kowa. Su gama kurakuransu a kansa.”

Kwanaki da yawa in an zo kaina sai in durƙusa in zuba wa ƙwaryar ido. Talatu ba ta raga mini.

“Uwani Kurma da Malam Turmi, a bar su su zauna, mu ga wanda zai riga wani magana. Ni na ba turmi.”

Wata rana Gwaggo ta kori kowa zuwa rafi, aka bar ni da shi. Muka yi ta zama. Can sai muryar ta ce, a hankali, “Yarinya, ki taimaka ki sallame ni. Ƙafa ɗaya gare ni, ita ma gara ta fara ci.” Dariya ta kuɓuce mini, a bayanta kuma sai ga “sannu” ta biyo, 'yar ƙarama kamar ɗan tsako. Turmi ya ce yauwa, bai ƙara komai ba. Gwaggo ta fito tana gyara ɗankwali kamar ba ta ji ba, ba ta yabe ni ba, ba ta gaya wa kowa ba. Da ta yi shela, da na koma cikin ramina na wata guda.

Daga nan sai aike. Ba ta fara da kasuwa ba, daga ɗaki zuwa ɗaki ta fara: je ki ce wa maigida ga ruwan wanka, ki tsaya ki ji amsa, ki kawo mini ita yadda ya faɗa. Daga baya zaure, daga baya gidan malama. Tana gurzar auduga tana koya mini cewa gaisuwa ido ce kafin ta zama baki. In na ga ƙura a ƙafar mutum in ce ya hanya, in na ga laka in ce ya aiki, in na ga goyo in tambayi mai hannu a baki. Wannan ya yi mini daɗi ƙwarai, don ido dai ina da shi. Abin da na rasa dā shi ne inda zan kai kayan da yake kwasowa.

Akwai wata tsohuwa a bayan gidanmu, Iya Kande, mai sai da daddawa. Kullum ana fara kwashe tuwon dare, rana ba ta gama faɗuwa ba, sai ga ta da ɗan kasko ta zo ɗiban wuta. Gwaggo ta ce mata bismilla, ta ce a'a ta ƙoshi, sannan ta zauna ta ci. Gero ya fara fitar da kai lokacin da na yanke shawarar Iya Kande ce mutum ta farko da zan gaisar ba tare da an sa ni ba. Na duba ta sama da ƙasa kamar yadda aka koya mini, na duba bayanta, na durƙusa.

“Ina wuni Iya. Ya wutar gidanku? Na ga hayaƙinta tun la'asar yana tashi.”

Gidan ya yi tsit, abin da ban taɓa ji ba tun zuwana. Talatu ta tura kanta cikin zane, kafaɗunta suna rawa. Iya Kande ta dubi kaskonta, ta ce ashe, ta ce tsufa, ta juya ta fita ba wuta ba tuwo. Gwaggo ba ta dake ni ba. Ta jira aka watse, sannan ta kira ni rumfa.

“Kin yi ƙarya?”

Na girgiza kai.

“Ba ki yi ba. Ni ma ina ganin hayaƙin nan tun kafin a haife ki. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna Danja, tuwo kuma ba ya wucewa in mutum shi kaɗai ne. Ba za ta ce ku ci da ni ba, sai ta ce ku ba ni wuta. Uwani, manomi ba duk abin da ya girbe yake kaiwa kasuwa ba. Ido ma yana da rumbu.”

Iya Kande ta daina zuwa. Ni kuma na koma gidan jiya, ko turmi na daina gaisarwa, don na ga ashe baki yana yanka ba sai da aska ba. Ga dawa ta fara ja a gonaki. Duk sanda na wuce na ga zangarniya ta sunkuya sai in taɓa ƙarƙashin harshena. Talatu ma ta daina tsokanata, abin da ya fi tsokanar ban tsoro. Ran nan da yamma, wutar murhunmu tana ci bal-bal, Gwaggo ta miƙo mini kasko ta ce in je gidan Iya Kande in ɗebo wuta. Na dubi murhu, na dube ta. Ta ɗaga gira. Na je, na yi sallama, na ce Gwaggo ta ce a sam mana wuta. Tsohuwar ta ɗaga kai ta dubi hayaƙin gidanmu da ya turnuƙe sama, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta dube ni.

“Taku ta mutu ke nan?”

“Ta mutu, Iya.”

“Allah sarki. Yaro ba ya iya ɗaukar garwashi, bari in kai muku da kaina.”

Ta zo, aka ce bismilla, ta ce ta ƙoshi, ta ci malmala biyu.

Aka yanke dawa. Kaka ta cika alkawari, ta iso a kan jaki da hantsi, Tanko wanzami yana biye da zabira a rataye, gajere ne mai kauri. Abin da ban zata ba shi ne Inna, ta biyo su wai ta zo ganin Gwaggo. Ta wuce bakin rumfa ta ba mu baya, ta fito da mazarinta ta hau kaɗi. Aka shimfiɗa wa baƙi tabarma a gindin ceɗiya, daidai wurin zaman Malam Turmi. Kaka ta ce wa Tanko ya sam mata goro bakinta ya yi tsami, ya shafa aljihu ya rantse rabonsa da goro tun kasuwar da ta wuce. Sannan ya buɗe zabira ya fara jera asake a kan fata, wai don su sha iska.

Aka kira ni. Na durƙusa, na ga ƙaramar askar nan mai lanƙwasa, komai ya gudu daga kaina. Kaka ta ce wa Gwaggo, to, zo ki riƙe. A nan na ji tsinkewar zare daga bakin rumfa. Inna ba ta tsinka zare, ko a duhu take kaɗi. Na ɗaga ido, sai na hango Talatu ta mirgino turmi ta tsayar da shi a bayan Tanko, ta kifa masa ƙwarya. Kafaɗa ɗaya, tsawo ɗaya, har hular Tanko ma haɓar kada ce. Na kafa ido a kan ƙwaryar na buɗe baki. Na yi musu sannu da zuwa, ya hanya, ya gajiya, ya mutanen Funtuwa, ya aka ji da aikin girbi, ya jakin ya yi da tudu. Na juya ga Kaka na tambayi ƙafarta, don na ga tana ɗingishi, na kuma ga furfurarta ta leƙo ta ƙarƙashin ɗankwali amma na sa wannan a rumbu. Na miƙa ruwa da hannu biyu. Gaisuwa ta ƙare lafiya, ni ce kuma ta ƙarshe. Sai ƙafafuna suka miƙe da kansu, hannuna ya tafi da kansa, na cire hular Tanko wanzami na rataye a jikin ceɗiya.

Goro uku suka faɗo daga ciki, farare, suka gangara har gaban Kaka.

Ba wanda ya koya mini abin da ake faɗa in an tuɓe wa wanzami hula. Turmi bai taɓa ɓoye goro ba. Na ji Gwaggo ta ja numfashi a bayana. Na sauko da hular, na tsince goron, na durƙusa na miƙa masa.

“Baba Tanko, ka yi haƙuri, na saba da wani baƙo ne mai irin hularka. Goron nan kuma ina jin na guzurin komawa ne, shi ya sa ka manta da shi.”

“Na guzuri ne,” in ji Tanko da sauri, yana rufe kansa. “Wallahi na guzuri ne. Iya, bismilla.”

Kaka ta ɗauki mafi girma ta ɓare, tana dariya har da hawaye.

“Takwara, ashe munafuka ce ke. Duk shekarun nan kina da baki kika bar ni ina jin kunya?”

“Kaka, na ga kin riƙe mana sunan da bakin duka, na ce bari ki gama tukuna.”

Tanko ya fara mayar da asakensa cikin zabira ɗaya bayan ɗaya. Ya ce shi dai a sana'arsa an koya masa kwance harshe, ba a koya masa ɗaurewa ba, in ya taɓa wannan mutanen Malumfashi sai sun yi ƙaura.

Kowa ya yi ta magana a lokaci ɗaya, ban da mutum ɗaya. Na kai wa Inna ruwa a bakin rumfa, na gaishe ta kamar yadda na gaida kowa. Ba ta juyo ba. Ta ƙulla zarenta, ta dubi wata kaza da ke tsattsagar ƙasa a gabanta, ta ce, “Kazar gidan nan ta yi girma. Ta yi kyau kuma.” Kazar kuwa wata figaggiya ce, ko wuyanta ba gashi. Na tsaya da ƙwarya a hannu. Sai a lokacin na gane kaskon Iya Kande ba shi kaɗai ba ne a duniya. Duk tsawon shekarun nan Inna tana zuwa ɗiban wuta wurina, da randa, da akushi, da iska, ni kuma ban taɓa ce mata bismilla ba, don ban san amsa ake jira ba.

Gwaggo ta so in zauna wurinta har aure, Kaka ma ta yarda. Zuciyata tana son hakan, ga Talatu, ga makaranta, na kusa kai izu na gaba, a ƙauyenmu kuwa sai dai in riƙa bin Baba da allo in ya sami sukuni, abin da ya sa karatuna bai yi nisan na Talatu ba har yau. Amma na tuna gidan can bakin gonaki, da mace ɗaya a ciki tana magana da kaji. Da safe ana ɗaura wa jaki kaya na sami Gwaggo a bayan zana tana tankaɗe. Na yi sallama, na durƙusa, na gaishe ta har ƙarshe, ta amsa da muryarta ta mutane.

“Gwaggo, zan bi Inna gida. Muna da turmi, muna da ƙwarya, rigar Baba ma akwai tsohuwa. Hular ce babu. Ki ba ni ita, in na sa masa zan zauna a bayan zana, ko Inna za ta sami wanda za ta riƙa gaya wa magana.”